Sitiyari Mai Wasa a Motar Jan Kaya: Daga Ina Ake Fara Gyara?

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar Land Cruiser ko Hilux tana jan tirela daga Tawa zuwa Ƙonni ya san wannan gajiyar. Hanya a miƙe take, amma hannu ba ya hutawa. Ka ɗan karkata dama, motar ta yi shiru, sai can ta amsa ta wuce inda kake so. Ka maido ta hagu, ta sake yin haka. In babbar mota ta gifta, iskarta ta tura ka bakin kwalta. Kafin ka kai Badagishiri kafaɗu sun ƙage. Direbobi kan ce sitiyari yana wasa, ko mota tana yawo, da yawansu kuma sun saba har sun ɗauka halin tsufa ne. Motar da ta ci kilomita dubu 400 tana iya tafiya a miƙe sarai, in an bi gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya.

A gareji da yawa, kana faɗin matsalar za ka ga yaro ya ɗauki sifana ya nufi akwatin sitiyari zai ɗaure sukurun da ke samansa. Wannan sukurun shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Wasan da ke cikin taya, ko lodi, ko rotil (gaɓoɓi masu ƙwallo na sandunan sitiyari), ɗaurin akwati ba ya cire shi. Yana dai sa sitiyarin ya yi nauyi a hannu, direba ya ji kamar an gyara, alhali an ƙara masa wata cutar. Don haka tsarin da zan bi a nan daga mai arha ne zuwa mai tsada, daga ƙasa zuwa sama.

Fara sanin irin ciwon

Ka kwance tirelar, ka hau kwalta mai kyau, ka yi kilomita 5 ko 10. Sannan ka ɗaura ta da kayanta ka sake bin wannan hanyar. In motar tana yawo ko babu tirela, ciwon yana gaba ne ko a tayoyi. In kuwa ita kaɗai tana tafiya daidai, sai an ɗaura kaya take rawa, to ka fi mai da hankali kan lodi da bayan mota. Ka kuma bambance yawo da ja: motar da kullum take jan gefe ɗaya, yawanci iskar taya ce, ko birki mai kamawa, ko ƙafafun da ba su daidaita ba. Karkarwar da ke zuwa a wani gudu na musamman kuma sau da yawa ta ƙafar da ba a auna nauyinta ba ce.

Daga nan sai awo. Ka tsayar da motar ƙafafu a miƙe, inji yana aiki in sitiyarin irin mai aiki da mai ne. Ka ɗiga alli a bakin sitiyari, ka riƙa juya shi da yatsa biyu hagu da dama, wani yana kallon tayar gaba. Tazarar da allin ya yi kafin taya ta motsa, ita ce wasan. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna ba da iyaka tsakanin santimita 3 da 4, gwargwadon samfurin. Ka rubuta abin da ka samu, domin da shi za ka gane ko kowane gyara ya yi amfani.

Taya da lodi

Ana auna iska da sassafe ne, kafin mota ta motsa. Da rana a watan Afrilu kwalta tana zafafa taya, iskar ciki ta kumbura, ma'auni ya nuna fiye da gaskiya. Wanda ya rage iska a lokacin zai wayi gari da taya mai laushi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, kuma akwai na mota fanko, akwai na mota da kaya. Na kaya za ka bi. Masu shiga daji wajen Abalak da Cintabaraden kan rage iska saboda rairayi, abin da ya dace, amma sai a hau kwalta a manta a mayar. Tayar baya mai laushi tana lanƙwasa gefe da gefe a ƙarƙashin nauyin tirela, direba kuma yana jin abin a sitiyari.

Ka duba ko tayoyin da ke kan aksil ɗaya iri ɗaya ne, girma ɗaya, zane ɗaya. Kada a haɗa radiyal da tsohuwar irin nan mai zaren gicciye. Motar jan kaya tana son taya mai ƙarfin gefe, irin mai alamar LT ko C, ba ta ƙaramar mota ba. In ta hannu ce za ka saya, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Zane mai kyau a tsohuwar taya yaudara ne a zafin ƙasar nan. Ka shafa tafin hannunka a fuskar tayar gaba, daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ka ji santsi ta gefe ɗaya, kaifi ta ɗayan, ƙafafun sun buɗe ko sun tsuke fiye da kima. In ka ji kwari-kwari, ka zargi amortisa, wato abin da ke shanye girgizar ƙafa, ko wata gaɓa mai wasa. Ka bi notocin ƙafa duka da sifana kafin ka wuce.

Yanzu lodi, kuma a nan zan daɗe, don a motar ja rabin matsalar a nan take ɓuya. A wuri mai lebur, ka auna daga ƙasa zuwa bakin kaskon taya, gaba da baya, kafin a ɗaura tirela. Ka ɗaura, ka sake aunawa. In baya ya zauna sosai, gaba kuma ya ɗaga, nauyi ya bar tayoyin da ke juya mota. Ba su danne ƙasa yadda ya kamata ba, don haka sitiyari ya yi sako-sako ko da kowane ƙarfe sabo ne. Akasin haka ya fi haɗari. In an tara kaya a ƙarshen tirela, hancinta yana ɗaga bayan mota, kamar amalanken da aka danne bayansa har jakin ya rasa taka ƙasa sosai. Irin wannan tirelar ce ke fara kaɗa wutsiya in gudu ya ƙaru, har ta juya motar.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela da kayanta ya zauna a kan ƙugiyar mota, muddin bai wuce abin da ƙugiyar za ta ɗauka ba. Tirela mai kilo 1,500 ke nan tana son wajen kilo 150 a hanci. Ba sai ka yi kirdado ba: sikelin da ake auna buhun albasa da shi ya isa. Ka ɗora gungumen itace a kai yadda hancin zai zauna daidai tsayin ƙugiya, ka karanta. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, kusa da aksil, su ɗan fi yawa ta gabansa, a kuma ɗaure su. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan ɗaya ne cur, kuma in rabi ne ya fi cikakke wahalar ja, saboda ruwan yana watsuwa gefe da gefe. Dabbobi ma haka, in ba a raba musu wuri da shinge ba suna komawa baya a hawan tudu.

Ka girgiza mahaɗin da hannu. Ƙwallon ƙugiya na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne, wato milimita 50.8, sun yi kama a ido amma bai kamata a gauraya su ba. Tirelolin da maƙeran gida ke haɗawa kuwa yawanci zobe ne da fil, kuma zoben kan ci har ya yi faɗi. Duk wasan da ke nan zai iso hannunka.

Kafin ka bar baya, ka leƙa sifirin. Akwai ganyen da ya karye? Robobin idon sifirin sun narke? Ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaure aksil da sifirin, notocinsu a ɗaure suke? In ka ga ƙarfe yana sheƙi ko jan ƙurar tsatsa kusa da su, aksil yana motsi. Aksil na baya da ke zamewa yana juya mota daga baya, direba kuma ya yi ta zargin gaba.

Ƙarƙashin mota, ƙafafu a ƙasa

Wannan gwajin ya fi kowanne fallasa ɓarna, kuma kyauta ne. Ba a ɗaga mota, domin nauyinta ne ke matsa gaɓoɓi su nuna wasansu. Ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya da dutse, ka sa yaro ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama da sauri, tazarar tafin hannu kawai. Kai kuma ka kwanta da tocila. In inji yana aiki, ka nisanta hannu da riga daga fanka da bel.

Ka bi motsin daga sama. Sandar da ta sauko daga sitiyari tana da ƙaramin kardan, wato gaɓar da ke barin sanda ta juya ko a lanƙwashe take. Sama da ƙasansa su juya tare, ba jinkiri. Sai akwatin kansa: yana motsi a jikin shasi? Ka goge laka ka duba ko notoci sun saki, ko shasin ya tsage kewaye da ramukansu. Motocin da suka sha hanyar Agadas da Arlit kan yi wannan tsagar, kuma ita aikin mai walda ne gwani, da faranti na ƙarfafawa. Daga nan ka kalli sandar da ta fito ƙasan akwati da hannun ƙarfen da ke ɗaure a kanta. Juyawa kawai ya kamata ta yi. In tana kaɗawa gefe kafin ta juya, akwatin ya ci daga ciki, kuma babu sukurun da zai gyara wannan.

Sai rotil, wato gaɓoɓin nan masu ƙwallo a ƙarshen sandunan da ke tura ƙafafu. Ido yana iya kuskure, hannu ba ya yi. Ka rungume kowane ɗaya da tafinka yayin da yaron ke kaɗawa. Lafiyayye za ka ji gefensa biyu suna tafiya tare; wanda ya mutu za ka ji ɗan ƙwas, ƙwas a cikin tafin, ko ka ga ƙwallon yana tsalle sama. Robar da ta yage ma hukunci ce, don ƙurar hunturu in ta haɗu da giris tana cinye ƙarfe. Milimita ɗaya a nan, ɗaya a can, in sun taru a gaɓoɓi huɗu su ne santimita da yawa a bakin sitiyari.

Abin da za ka ƙara dubawa ya danganta da motar. Land Cruiser 79, wadda ta fito a 1999 da sifirin mai murɗi a gaba, tana da sanda a gicciye da ke riƙe aksil kada ya zame gefe. In robobinta sun mutu, za ka ga jikin mota yana motsi hagu da dama a kan aksil kafin taya ta juya. Ka duba har robobin dogayen hannayen da suka taso daga shasi. Tsohuwar 75 sifirin ganye gare ta a gaba, don haka robobin idonsa da maratayansa za ka kalla. Hilux daga 2005 zuwa yau ba ta da irin wancan akwatin, kiremaye gare ta, wato sanda mai haƙora da ke kwance a gicciye tana tura ƙafafu: ka matsa robar nan mai ninki ka ji gaɓar ciki, ka kuma duba robobin da suka ɗaure kiremayen a shasi.

Sai a ɗaga

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a ƙasa mai rairayi. Ka shimfiɗa katako mai kauri, ka sa matokari na ƙarfe. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji wasa, ka ce wa yaron ya taka birki ka sake. Wasan ya ɓace? Boris ɗin ƙafa ne, wato zoben ƙarfen da ƙafa ke gara a kansa, a wanke shi a duba, a ɗaure ko a canja. Wasan yana nan? To gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta ce: rotil na sama da na ƙasa a Hilux, ko ƙananan boris biyu na sama da ƙasan ƙwallon aksil a Land Cruiser.

Waɗannan ƙananan boris ɗin sun cancanci kulawa. Ana daidaita matsinsu da siraran faranti, ana kuma auna shi da sikelin rataye a hannun ƙarfen da ke juya ƙafar, bisa adadin da littafin motar ya bayar. In sun saki mota tana yawo. In sun bushe sun yi gurbi, sitiyari yana maƙalewa a inda ka bar shi, ba ya komawa tsakiya, ita ma yawo ce. Ka cire sandar sitiyari daga wannan hannun, ka juya ƙafar da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ji ko tana tafiya sumul. Notocin da ke riƙe hannun ƙarfen a jikin ƙwallon kuma a gwada su da sifana duk lokacin da aka shiga wurin. Sukan saki, kuma in suka karye babu sauran sitiyari.

Canjin kaya

Rotil ba ya gyaruwa. Ana bubbuga gindinsa da guduma don ya matse, ana cusa masa guntun tsohon tib, har walda ana yi. Ina roƙon duk mai mota ya ƙi wannan, ko da maigidan garejin ya ce masa, «Alhaji, zai kai ka Yamai ya dawo.» In ƙwallon ya fita daga kwaskonsa ana cikin gudu da tirela a baya, taya tana juyawa inda ta ga dama.

Ka auna tsawon sandar daga tsakiyar gaɓa zuwa tsakiyar gaɓa, ka kuma ƙirga zagayen da tsohon ya yi wajen fita, don sabon ya zauna kusa da wurin. Ka cire fil, ka sassauta noti amma ka bar shi a bakin zare. In babu abin cirewa, a doki gefen idon da ƙwallon ya shiga, da wata gudumar a tokare ta baya. Ba a dukan kan zaren, ba a kuma gasa ƙarafan sitiyari da wuta. A sanduna da yawa gefe ɗaya zarensa na hagu ne, kada a tilasta. Sabon fil za a sa, ba ƙusa ba. In ɗaya ya mutu ka canja har ɗan'uwansa, shekarunsu ɗaya. Wajen saye kuma, kwali mai kyau ba shaida ba ne. Sabon rotil na kirki yana da tauri, da ƙyar yake lanƙwasa a hannu. Robobin hannaye da na sifirin, sai an sauke mota ta zauna a kan ƙafafunta ake yi musu ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba a murɗe za su zauna su yage da wuri.

Akwatin sitiyari

Ka sake awon alli. Sau da yawa a nan za ka tarar wasan ya dawo cikin iyaka, sai ka bar akwatin ya huta. In har yanzu ya yi yawa, ka fara duba mai: yawancin waɗannan Toyota man ATF irin Dexron suke sha. In ya yi baƙi ko yana warin ƙuna a canja, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa don iska ta fita, a duba bel.

Sannan ka ɗaga gaba, ka sa sitiyari a tsakiyarsa na gaskiya: ƙirga zagaye daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka raba biyu. Haƙoran ciki an yi su ne su fi matsuwa a tsakiya, shi ya sa wanda ya ɗaure a karkace zai sa su cije in an miƙe. Ka yi alama a sukurun, ka riƙe shi, ka sassauta notin da ke kulle shi. Ka juya shi ciki kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka riƙe, ka kulle. Ka juya sitiyari gaba ɗaya hagu da dama. Ɗan nauyi kaɗan a tsakiya daidai ne, cijewa kuwa alamar an wuce ce, a koma baya. Ka sauke, ka gwada a hanya: bayan kwana, sitiyari ya riƙa komawa da kansa. In ka yi haka sau uku ko huɗu wasan bai ragu ba, akwatin ya gama aiki, a sake gina shi ko a nemi wani.

Ƙaramin amortisan da ke kwance a jikin sandar sitiyari aikinsa rage bugun rami ne. In yana yoyo a canja shi, amma sabo ba ya cire wasa, ɓoye shi yake yi. Amortisan ƙafafu huɗu kuwa, in sun mutu, bayan mota yana lilo da tirela bayan kowane tudu.

Daidaita ƙafafu

Duk wanda ya canja rotil sai ya daidaita. Ƙafafun da suka buɗe ta gaba suna bin kowane tsagi na kwalta. In kana kusa da masu na'ura, ka kai musu. In babu, ga yadda ake yi: a wuri mai lebur ka tura motar gaba mita kaɗan, ka yi alamar alli a tsakiyar fuskar kowace tayar gaba ta baya, daidai tsayin tsakiyar ƙafa, ka auna tsakaninsu. Ka tura gaba har alamun su zagayo gaba a wannan tsayin, ka sake aunawa. Awon gaba ya gaza na baya da milimita 1 zuwa 3 a tayar radiyal. A motoci masu akwati, da doguwar sandar da ta haɗa ƙafafu biyu ake gyara wannan. In sitiyari ya karkace bayan haka, a miƙe shi ta sandar da ta fito daga akwati, kada a cire shi a sake dasawa, don hakan yana kawar da akwati daga tsakiyarsa.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta an ɗan kwantar da samanta baya, wannan kwanciyar ce ke sa mota son miƙewa. Masu ƙara ganyen sifirin, ko dogayen marataya, ko dogon sifirin mai murɗi don mota ta yi tsayi, suna rage ta ba su sani ba. In yawon ya fara ne bayan an ɗaga motar, a nan matsalar take. Ana maido ta da ƙarfe mai tsini da ake sawa tsakanin sifirin da aksil, ko da robobin hannaye na musamman, kuma na'ura ce kawai ke auna ta daidai.

Gwajin ƙarshe a yi shi kashi biyu, fanko sannan da kaya, ana ƙara gudu sannu a hankali. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake bin notocin ƙafa, na sifirin, da duk wanda aka taɓa. Gaɓoɓin da ke da bakin giris a ba su duk lokacin juyen mai, a ƙara bayan an ratsa ruwa da damina. In kuma wata rana tirela ta fara kaɗawa a bayanka, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin bin rawar da hannu. In gudu ya sauka ka sami wuri ka tsaya, ka matso da kaya gaba, ka duba iskar tayoyin baya da na tirela kafin ka ci gaba.